Ranar da Kujerar Ofis Ta Je Taro

Akwai hajar da sai an taya ta, akwai kuma wadda take taya kanta tun ba a buɗe kasuwa ba. Malama Ai-Ni-Ce irin ta biyun ce. In yarinya ta ci jarrabawa, "Ai ni ce na koyar da ita." In famfon makaranta ya kawo ruwa, ai ita ce ta harari mai gyaran. Ranar da aka samu ruwan sama bayan doguwar jira, an ji ta tana gaya wa mai shara cewa da ma ta faɗa. Haka sunan ya manne mata, har mijinta da shi yake kiranta in ya tabbatar ta yi nisa.

A makarantar 'yan mata ta unguwa take koyarwa. Da tsohuwar shugaba ta yi ritaya, sai Hajiya Mai Makaranta ta ce Ai-Ni-Ce ta riƙa tukuna, kafin ta zaɓa tsakaninta da Malamar Lissafi. Riƙo kuwa aron zane ne, kana cikin ado mai shi zai aiko. Ita dai ba ta ɗauke shi aro ba. Ranar farko ta shiga ofis ta zauna a kujerar shugaba, daga nan ko ruwa za ta sha sai an miƙo mata.

Baƙar kujerar fata ce mai juyi, mai ƙafafu a baje kamar na kaza, kowace ƙafa da 'yar tayarta. Ta sha duniya. Taya ɗaya ba ta shiri da 'yan'uwanta, in sun yi gabas ita yamma ta nufa. A ƙarƙashi kuma akwai wani ƙarfe da ake ja kujerar ta yi sama ko ƙasa, shi ma ya saki, sai an cusa masa tsohon cokali yake riƙe mutum. Duk da haka da za ka ba Malama gida da mota a kan kujerar nan, albarka za ta ce maka.

Ana nan sai ga gayyata. Za a yi taron mata shugabannin makarantu a wani babban otal da ke tsakiyar gari, kuma Hajiya Mai Makaranta ta ce in an dawo daga taron za ta faɗi wadda ta zaɓa. Malama ba ta taɓa zuwa irin wannan taro ba, amma da ta shiga ɗakin malamai tana fifita da katin, sai ka rantse ita ta haifi masu shirya shi.

"Sun bincika, sun tace, sun rairaye," in ji ta. "Suka ce wace mace ce ta riƙe ilimi a gefen nan? Ai ni ce."

Malamar Lissafi ta ce, "Na ga ba suna a katin, Yaya. Shugabar Makaranta kawai aka rubuta."

"To wace ce shugabar?"

"Allah ne masani, sai kuma Hajiya."

Malama ta yi kamar ba ta ji ba. Ta ce an gaya mata za a nuna taron kai tsaye, don haka a haɗa waya da talabijin ɗin makaranta, a tara yara da malamai, a aika wa iyaye, a ɗauko Hajiya da kanta a ajiye ta a gaba, kowa ya ga inda ake zaunar da manya.

Malamar Lissafi ta yi murmushi. "An gama, ranki ya daɗe. Ki je lafiya. Kujerar kuma kada ki damu, zan ɗumama miki ita kafin ki dawo."

Wannan magana ita ta hana Malama sakat. Ta ce za ta kulle ofis, sai ta tuna alli da ƙararrawa duk a ciki suke, kuma Hajiya na da mabuɗi. Ta ce za ta zare cokalin, sai ta tuna Malamar Lissafi ba ta rasa cokali a gidanta ba. Tana cikin wannan saƙa da warwara dabara ta faɗo mata, har ta tafa hannu ita kaɗai. Da kujerar za ta tafi. Ta toshe ƙofar kishiya a baya, a gaba kuma a ɗauke ta hoto a kanta, a tsakiyar manyan mata, Hajiya ta gani da idonta wadda kujerar ta dace da ita.

Mijinta ya ce, "Yanzu duk otal ɗin nan a rasa abin zama?"

"Malam, kai ka san taro ne? Kowace shugaba da tata take zuwa."

"Wa ya gaya miki?"

"Sai an gaya mini?"

Ya ɗauki hularsa ya fita, don ya daɗe da sanin inda gardama da ita take ƙarewa.

Ranar taro da safe ta ci ado kamar uwar biki, ta shiga ofis ta turo kujerar waje. Daga ƙofar makaranta zuwa bakin titi ba nisa, amma tayar nan mai taurin kai ta mayar da tafiyar yawon gaisuwa. Ta kai ta shagon tela, ta kai ta wajen mai wanki, ta so ta shigar da ita kwata.

Tela ya leƙo da almakashi a hannu. "Malama, an kore ku ne?"

"Taro za ni."

"Ita ma an gayyace ta?"

Matar mai kanti ta ce, "Ku bar ta mana, asibiti za ta kai ta. Ba ku ga tana ɗingishi ba?"

Mai faci ya ce a kawo ya duba mata iska. Malama ta ɗaga kai sama ta ce duk su hallara a makaranta in an jima, za su ga abin da zai rufe musu baki.

Mai tasi ya tsaya, ya dube ta, ya dubi kujerar. "Hajiya, ku biyu ne?"

"Ni ɗaya ce. Wannan kaya ce."

"Kayan da ke da baya da hannuwa da ƙafafu ai fasinja ne."

"Fasinjan da ba ya magana, ba ya cewa a sauke shi a hanya? Kai ya kamata ka yi mini ragi."

Suka ja, suka ja, har ya gaji ya sallama. Amma kujera ta ƙi shiga but ɗin motar, ta ƙi shiga mazaunin baya. A kan rufin mota aka kifa ta, ƙafafu a sama, aka ɗaure da igiyar da ba ta kai ba. Sauran aikin Malama ce ta yi shi. Ta fito da hannu ta taga ta riƙe hannun kujerar tun daga unguwa har tsakiyar gari, tayoyi na juyawa a iska, mayafinta na kaɗawa kamar tuta. Duk wanda ya nuna su da yatsa sai ta gyaɗa masa kai, ta ce wa direba, "Ka gani? An fara ganewa."

Ƙofar otal ɗin ta gilashi ce mai juyawa, irin wadda mutum ke shiga ya tura ta fitar da shi ciki. Mai gadi ya nuna mata wata ƙofa a gefe, ya ce nan ake shigar da kaya.

"Ka ga na yi kama da 'yar dako?"

Ta cusa kujerar a ɗaki ɗaya na ƙofar, ta matsa ta bi ta. Ƙofa ta juya, tayar nan ta maƙale, ta saki, suka wuce ciki ba su fita ba, suka dawo waje inda suka fito. Mai gadi ya ce, "Sannu da zuwa." Suka sake zagayawa, ya sake cewa, "Sannu da zuwa." A zagaye na gaba ne ƙofar ta tofo su tsakiyar falo, ita da kujerar, wani abu ya yi ƙara a kan tayil. Cokalin ne ya faɗo. Wani ma'aikacin otal da ke wucewa da faranti ya tsince shi, ya goge a rigarsa, ya yi kicin da shi. Malama na can tana gyara ɗauri, ba ta gani ba.

Ashe a ciki ana cikin wani tashin hankalin. An jera manyan mata a babban tebur a kan dandamali, amma Babbar Baƙuwa, wadda za ta yi jawabin buɗe taro, ta ƙi shiga. Ta leƙa ta ga kujerarta iri ɗaya ce da ta sauran, ta koma falo ta tsaya da jakarta a hannu, ta ce ita ba ta gaji zama a abin da kowa ke zama ba. Uwar Taro, wadda ta shirya komai, sai zufa take yi tana ba ta haƙuri, 'yan mata masu tarbar baƙi na ta guje-guje.

Sai idon Uwar Taro ya faɗa kan baƙar kujerar fata.

"Alhamdu lillahi! Ga ta ta iso! Baiwar Allah, Allah ya yi miki albarka, kin fitar da ni kunya. Ku kawo ta babban tebur, maza!"

Malama ta ji "ku kawo ta babban tebur", ta ce a ranta gani ya kori ji. 'Yan mata suka kama kujerar suka tura, ita kuma ta dafa bayanta tana tafe tana ɗaga wa jama'a hannu. Zauren irin mai gangara ne, layin tsakiya ya miƙe daga ƙofa, a gefen dandamali kuma an yi wata 'yar hanya mai sulɓi ta masu keken guragu. Ta nan aka hau da kujerar, aka ajiye ta a tsakiyar tebur, daidai gaban makirfo. Malama ta tattara zane za ta zauna ke nan, sai ta ji an ɗan ture ta da kafaɗa. Babbar Baƙuwa ta wuce ta gabanta, ta zauna daram, ta miƙo mata jaka ba tare da ta waiwaya ba.

"Riƙe nan."

Zaure ya ɗauki tafi. Malama ta tsaya a baya, jaka a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kan kujera, don ko sama da ƙasa za su haɗu ba za ta sake ta ba. Ta sunkuya daidai kunnen matar.

"Baiwar Allah, kujerata ce."

"Ruwa mara sanyi," in ji Babbar Baƙuwa.

"Na ce kujerata ce. Daga ofis na zo da ita."

"Madalla. Ki gaya wa manajanku ta yi daɗi."

Uwar Taro ta yafito ta da ido, ta raɗa mata, "Mama, ki ɗan matsa baya, kina shiga hoto."

"Hoton na zo shiga!"

Amma an riga an kunna makirfo. Babbar Baƙuwa ta ce a zaune za ta yi magana, saboda likita ya hana ta tsayuwa. Ta gyara tabarau ta fara.

"'Yan'uwana mata, babbar cutar da ke damun shugabanci ita ce son kujera. Mace ta gari ba ta liƙe wa kujera. Kujera ce ke neman ta."

Aka yi tafi. Matan babban tebur, waɗanda tun safe suke musayar katunan suna na kan tebur a ɓoye don kowace ta matso tsakiya, su suka fi kowa tafawa.

A nan ne kujerar ta yi wani ɗan huci, fuuu, ta sauka kaɗan.

Babbar Baƙuwa ba ƙaramar mace ba ce, kuma cokali na can kicin ana juya shayi da shi. Ta ci gaba da jawabi, kujera ta ci gaba da nata. Da ta zo kan tawali'u, tebur ya kai mata ƙirji. Ta jawo makirfo ƙasa. Da ta ce dole mace ta ɗaga kanta sama, tebur ya kai mata haɓa. Wata a layin gaba ta toshe baki da mayafi. Kafin ta kai ga shawara ta uku, ba abin da ake gani a bayan furannin tebur sai ɗaurin kai da saman tabarau, murya na fitowa daga ƙasa kamar mai magana a rijiya.

Uwar Taro ta dafe ƙirji. "Wa ya san kan abin nan? A kira injiniya!"

"Wane injiniya?" in ji Malama, ta ajiye jaka a ƙasa. "Ai ni ce na san makamarta."

Ta durƙusa ta shige ƙarƙashin rigar tebur. Ta laluba, ba cokali. Ta ja ƙarfen, kujera ta ƙi motsi, don irin wannan kujera ba ta tashi sai wanda ke kanta ya ɗaga. Makirfo kuwa yanzu ya sunkuyo har kusa da bakin tebur, duk abin da aka faɗa a ƙasa lasifika na rabawa zaure.

"Ɗaga mana."

"Wace ce wannan a ƙafata?"

"Ni ce. Ki ɗaga, nauyinki ya yi mata yawa."

"Nauyin wa?"

"To ni ce a kai? Tunda nake hawanta ba ta taɓa kaiwa nan ba. Wa ya sace cokalin?"

"Wane cokali? Ku zo ku fitar mini da matar nan!"

"Ki fitar da ni a kan kujerata? Ke da kika gama cewa ba a liƙe wa kujera, ga shi ko ɗagawa kin kasa!"

Zaure ya fashe. Har masu ɗaukar hoto kyamara na rawa a kafaɗarsu. Babbar Baƙuwa ta dafa tebur ta yunƙura, ta miƙe tsaye sarai, likita ko oho. Tana ɗagawa, Malama na riƙe da ƙarfen, kujerar ta yi tsalle ta koma sama har ƙarshe. Kafin kowa ya ƙifta ido Malama ta fito ta bayan tebur, ɗauri a karkace, ta haye. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Kujerar ta yi tsawo har ƙafafunta ba sa taɓa ƙasa, amma ga ta nan dai a tsakiyar babban tebur, ta fi kowa tudu.

"Mai hoto! Ɗauka!"

Mai hoton yana gefe. Don ta fuskance shi, sai ta sa takalmi ta tokari ƙafar tebur da ƙarfi.

Kujera ta juya, ta kuma ja baya. Sauran tayoyin sun so su tsaya, amma mai taurin kan nan ta hango 'yar hanya mai sulɓi ta ce nan za a bi. Suka sauka dandamali da baya. Malama ta wuce Uwar Taro, ta wuce masu tarbar baƙi, tana juyawa kamar fanka, ƙafafu a sama, tana kiran sunan Allah da na duk wanda ta sani. Mata na ɗauke jakunkuna da ƙafafu daga hanya. Wata ta miƙa hannu ta tare ta, mayafi kawai ta samu. A ƙasan hanyar aka shirya teburin shayin hutu, da kofuna a jere da wani dogon kek da aka rubuta sunan taron a kansa. Nan tafiyar ta ƙare. Ƙarar da aka ji, mai gadi ma sai da ya shigo da gudu daga waje.

Da aka janye rigar tebur, aka same ta zaune a ƙasa, kek a cinya, madara na ɗiga daga gefen ɗauri, ta rungume bayan kujerar. Gindin kujerar kuwa, da ƙafafunsa da tayoyinsa, ya ci gaba da tafiya shi kaɗai har ya fita ƙofa.

Uwar Taro ta tsaya a kanta tana haki. "Wai ke daga wane sashe kike a otal ɗin nan?"

Malama ta share madara daga ido, ta ga kyamara ta matso daf da fuskarta. Ko a wannan hali ba ta iya ganin kyamara ta ƙyale ba. Ta gyara zama, ta faɗi sunan makarantarsu tiryan-tiryan, da unguwar, da layin, ta ƙara da cewa, "Shugabar kuma ai ni ce."

Da la'asar mai tasi ya sauke ta a bakin titi. Wannan karon kujerar ta shiga but ba gardama, tunda ta zama kashi-kashi. Ta ɗora mazaunin a ka, ta rataya ƙafafun a hannu. Ta so ta bi ta bayan layi, amma duk unguwar na ƙofar makaranta, don umarninta bai faɗi ƙasa ba. An tara yara, an kira iyaye, an ajiye Hajiya a gaba, Malamar Lissafi da kanta ta riƙa ƙara murya.

Tela ya ce, "Malama, wallahi kin cika alkawari. Kin rufe mana baki, har yanzu haƙarƙarina ciwo yake."

Matar mai kanti ta ce, "An sallamo ta daga asibitin? Na ga an yi mata aiki."

Mijinta na tsaye a gefe, ya jawo hula har kan gira, yana karanta wata sanarwa a bango da ta shekara a wurin.

A ofis ta tarar da Hajiya Mai Makaranta zaune a kan benci, Malamar Lissafi kuma a bayan teburin shugaba, a kan bokitin fenti da aka kifa, tana sa hannu a takardun iyaye.

"Sannu da dawowa, Yaya. Ban samu abin ɗumamawa ba, sai na ɗumama teburin."

Malama ta sauke kayanta. "Hajiya, kin dai gani. Duk matan da ke zauren nan, wa aka fi nunawa?"

"Ke ce, 'yar nan," in ji Hajiya. "Ban ƙifta ba. Tun tsakar rana wayata ke ƙara, har ƙanwata da muka yi shekaru ba ma magana ta kira ta yi mini jaje." Ta nuna tarkacen da sandarta. "Na ga kujerar nan ita ce ranki. Na ba ki ita halak malak. Ofis ɗin kuma na bar wa wadda na tarar a ciki."

"Hajiya, a kan bokiti fa take!"

"Bokiti ba ya zuwa taro."

Sabuwar kujerar da aka sayo wa Malamar Lissafi ta katako ce, kuma Hajiya ta sa kafinta ya kafe ƙafafunta da ƙusa a daɓe. Tsohuwar kuwa mai faci ya ɗaure ta da waya, ya cire tayoyin, aka ajiye ta a bakin ƙofar makaranta. A kanta Malama take zama kowace safiya tana tare 'yan makara, kuma ba a ɗauki lokaci ba ta fara gaya wa mai shara cewa duk makarantar ba muƙamin da ya kai na ƙofa, tunda ko shugaba sai ta gabanta take wucewa.

Wata safiya wata mata ta kawo 'yarta sabuwar shiga. Ta gaishe da Malama, ta wuce, sai ta dawo da baya. Ta ciro waya, ta dubi wayar, ta dubi Malama, ta dubi kujerar.

"Don Allah Malama, ba ke ce wadda ta..."

Malama ta kau da kai, ta ja mayafi ta rufe hannun kujerar. "Ba ni ba ce."

'Yan makara da ke durƙushe a layi suka haɗa baki, har tela ya jiyo daga shagonsa: "Ai ita ce!"